Darasi a Kan Murfin Rijiya

Ranar Laraba ce, hadari ya haɗo daga gabas tun hantsi ya tsaya cak, bai zubar ba, bai watse ba. Husaini yana zaune kan faifan siminti na tsohuwar rijiyar bayan gari, jakarsa a gefe. Motar Agadas za ta biyo da la'asar. A duk ƙauyensu na ƙasar Falanko nan ne kawai waya take samun rezo, wato sabis, shi ya sa wata bakwai ke nan a nan yake koyon Jamusanci.

Jamusawa ne suka haƙa rijiyar kafin a haife shi, suka rufe ta ba a sha ko guga ɗaya ba. An ce ruwanta ɗaci. A makon da aka rufe ta ne kuma ubansa Ila ya ɓace, aka ce ya tsere Libiya ya bar matarsa Sakina da cikin Husaini.

Muryar mace ta fito daga wayar: "Der Mann ist im Haus."

Husaini ya maimaita, yana rarraba ta yadda aka koya masa. Der Mann, mutumin, shi ake magana a kai. Ist, aikatau, kullum shi ne na biyu a layi. Im Haus, cikin gida. Mutumin yana cikin gida. In ka cire gida ka sa wata kalma, jimlar tana nan daram.

"Brunnen."

Ya waiga. Baba Jika ne, kwance kan tabarma a inuwar aduwa, inda 'yarsa Raishatu take ajiye shi. Shi ne shugaban leburori lokacin Jamusawa. Shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, Hausa ta gudu daga bakinsa, sai gunaguni da Husaini bai taɓa kasa wa kunne ba.

"Baba, magana ka yi?"

Tsohon bai dubi fuskarsa ba. Simintin da ke ƙarƙashin Husaini yake kallo.

"Der Mann ist im Brunnen."

Kalmomin sun fito tsaf, da wata irin murya mai kauri da ba tasa ba. Husaini ya kara wayar kusa da bakin tsohon, ta rubuto masa fassara: rijiya.

Raishatu ta iso da ƙwaryar fura.

"Kai ɗan Sakina, ba ka tafi Turan ba har yanzu? Bar wahalar da kanka, sambatu ne. Kullum sai ya yi shi. Har rubutu mun ba shi ya sha."

"Goggo, ba sambatu ba ne. Kullum wannan ɗin yake faɗa?"

"Ita ɗaya tak. In muka kai shi wata inuwa kuka yake, sai nan."

Husaini ya durƙusa. A darasi na huɗu aka koya masa kalmomin tambaya. Ya lalubo guda.

"Wer?" Wato, wa?

Idon tsohon ya juyo a hankali, ya zauna kansa.

"Ila."

Ƙwaryar ta suɓuce wa Raishatu.

"Ila ist im Brunnen," in ji tsohon. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya kife tafin a kan ƙasa kamar mai rufe tukunya. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya.

"Inna lillahi," Raishatu ta ce. "Na tuna ranar da aka rufe rijiyar. Baba ya dawo da yashi har cikin kunne, ya ce a daina tambayarsa."

Iska ta ɗauke. Ko ganyen aduwa bai motsa ba. Husaini ya dubi faifan, wurin da zamansa ya goge har ya yi santsi. Daga titi aka ji oda, yaron mota yana kiran Agadas, Agadas.

Ya kashe wayar, ya sa ta aljihu.

"Goggo, wa ke da babbar guduma a garin nan?"

"Maƙeri. Amma ka fara zuwa wajen mai gari."

Ya bar jakar nan, ya nufi cikin gari.

Kwana tara aka yi ana haƙa kafin a kai ga ƙasusuwan Ila. Abin da aka rasa: rijiya ɗaya, mutum ɗaya, shekara ashirin da huɗu ba a yi masa salla ba, da Sakina, wadda ta rasu bara tana cewa ba ta yafe masa ba.