Rigar Baɗi

Tun daga bakin shagonta Anti Tela ta hango yadin. Shuɗi ne mai ƙananan furanni farare, an rataye shi a jikin ƙofar shagon da ke tsallaken titi, inda duk mai wucewa zai gani. Ba sai ta matsa kusa ba. Ita ta zaɓe shi da hannunta, ta sa mijinta ya saya wa autarsu, wadda ta samu aikin koyarwa a wani gari mai nisa, za ta tafi ƙarshen mako. Da shi za a yi mata rigar da za ta sa ranar da za ta kama aiki. Jiya ma sai da ta tambayi yarinyar ina yadin, ta ce yana cikin akwati. Ashe akwatin ƙafa gare shi, har ya iya tsallaka titi.

Kuma a rasa inda za a kai sai shagon Mai Gilashi. Haka 'yan layin ke kiran matar, saboda ƙofar gilashin da ta sa wa shagonta don a san ta waye. Wannan matar a gaban Anti Tela ta koyi zura zare a allura. A kan keken ɗinkinta ta karya allurai sun fi a ƙirga, har akwai ranar da ta haɗa hannun riga a bai-bai, aka wuni ana farkewa. Yau ita ce za ta yi wa 'yar malamarta ɗinki. Lalle ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Anti Tela ta ajiye almakashi, ta tsallaka titi ko duban mota ba ta yi ba.

"Sannu da zuwa, Anti," in ji Mai Gilashi, ta miƙe da sauri. "Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Wa ya kawo miki wancan yadin?"

"Auta ce, jiya da yamma."

"Kuma kika karɓa."

"Wallahi Anti, sai da na ce ta bari in yi miki magana. Ta ce in ban karɓa ba za ta kai wani wuri."

"Kin yanka?"

"Ban yanka ba, awo kawai na ɗauka." Mai Gilashi ta yi murmushi, a ganinta za ta sassauta maganar. "Har dariya ta dinga yi, wai tef ɗin yana mata cakulkuli. Ta ce tunda take ba a taɓa auna ta ba."

Da ta san abin da wannan maganar za ta yi, da ta haɗiye ta. Anti Tela ta fizge yadin daga jikin ƙofar, ta naɗe shi a hammata, ta fice ba sallama.

Gaskiya ne, ba ta taɓa sa wa 'ya'yanta tef ba. Me za ta yi da tef a kan yaran da ta haifa? Ido ba mudu ba, ya san kima. Kuma tana da salonta na ɗinkin yara, wanda kaf unguwar aka san ta da shi. Ba ta yi wa yaro riga daidai jikinsa. Za ta ƙara a kafaɗa, ta ƙara a ƙirji, sannan ta naɗe tsawo mai yawa ta ɓoye a cikin kalmasa. In yaro ya ƙara tsayi a dawo da rigar, ta farke ta saki kaɗan, baɗi ta sake saki. Iyaye mata suna sa mata albarka, don riga ɗaya kan raka yaro shekaru. Ita ma tana alfahari da haka. Takan ce yaro ba a yi masa ɗinkin yau, kafin ka yanke zare ya wuce shi.

Ta rufe shago da rana tsaka, abin da ba ta saba ba, ta nufi gida tana cika tana batsewa. A falo ta tarar da mijinta, tsohon direban babbar mota da ciwon baya ya zaunar, ya kwance fanka yana goge ƙura. Ya ga yadin a hammatarta, ya ga fuskarta, sai ya mai da hankalinsa kan fanka.

"Ka sani ke nan," ta ce.

"Na san me?"

"Kar ka yi min haka, Baban yara. Ka sani."

"To, ta dai ce min za ta gwada wani hannun."

"Wani hannun. Nawa kuturcewa ya yi?"

Ba ta jira amsa ba ta wuce ɗakin Auta. Yarinyar na durƙushe gaban akwati tana jera littattafai. Uwar ta jefa yadin a kan gado.

"Ga kayanki, na tsinto a tsallaken titi."

Auta ta sunkuyar da kai. "Mama, ki yi haƙuri. Da ma zan faɗa miki."

"Yaushe? Ranar da za ki sa rigar ki zo ki yi min juyi? Duk layin nan sun ga yadin. Gobe za a ce telar da 'yarta ma ta guje ta. Ni na ɗinka miki tsummokin da aka fara naɗe ki a ciki. Kayan makarantarki ni, na yayyenki ni. Idona ya mutu a kan keken nan saboda ku. Sai yau da kika zama malama kika gane ɗinkina na ƙauye ne?"

"Ban ce haka ba."

"To me kika ce? Buɗe baki ki faɗa, ai kin iya koyarwa."

Auta ta miƙe. Ta taka kujera, ta sauko da wata tsohuwar jaka daga saman sif, ta zazzage ta a kan gado. Rigunanta ne na yarinta, waɗanda uwar ta hana a bayar. Ta ɗauki wata ja, ta riƙe ta wajen hasken taga. A ƙasan rigar ga layuka nan a jere, kowanne ya koɗe, shatin wuraren da aka yi ta farke kalmasa ana saki.

"Kin tuna wannan? Ranar da na fara sa ta, sai da na naɗe hannun kafin in iya riƙe fensir. A makaranta 'Yar Buhu suke ce min. Na zo ina kuka, kika ce za ki girma a ciki. Na kuwa girma. Amma lokacin da ta zauna min daidai ta riga ta koɗe, gwiwar hannu ta huje, kin riga kin yanka wata babba." Ta ajiye ta, ta ɗago wata. "Duk haka suke, Mama. In sabuwa ce ta yi min yawa, in ta yi min daidai ta tsufa. Ba ki taɓa ɗinka min riga ba, kullum wata yarinya kike ɗinka wa, wadda za ta zo baɗi. Ni dai so nake sau ɗaya in sa sabuwar riga da ta yi min daidai. Na san in na ba ki sai kin ƙara."

Anti Tela ta matso bakin gadon. Ta ɗauki jar rigar tana jujjuyawa. Ta tuna ranar da ta yanka ta, ta tuna zaren da ta yi amfani da shi, har matar da ta zauna tana jiran nata ɗinkin ta tuna. Amma ta nemi yarinyar a cikin rigar, yadda take, yadda hannunta ya ɓace a ciki, ta rasa. Abin da ke kanta a lokacin shi ne takalmin babban yaro ya matse shi, na biyun zai shiga sakandare, wannan kuma haƙoranta na fita a karkace. Kullum idonta na kan abin da ke tafe. Sai fushin ya juya, ya bar yarinyar, ya rasa wanda zai kama. Haushi take ji kamar an yi mata sata da rana tana zaune a bakin ƙofa.

"Jiya-jiya fa na ɗinka rigar nan," ta ce. "Yaushe aka yi duk wannan? Ni ina ina?"

Mijin ya leƙo daga bakin ƙofa, tsumma a hannunsa. "Haka tuƙi yake," ya ce a hankali. "In idonka na can gaba, garuruwa wucewa kawai suke. Sai ka isa a tambaye ka me ka gani a hanya, ka rasa."

"Kai kuma wa ya sa da kai? Kai da kake dawowa kana tambayar ajinsu nawa. Je ka ji da fankarka."

Ya koma ya ji da fankarsa. Ta ɗauki yadin daga kan gado, ta dubi 'yarta a murtuke.

"Tashi mu je shago."

"Mama..."

"Na ce ki tashi. Yadin nan in dai ina numfashi ba mai sa masa almakashi sai ni. In na gama bai yi miki ba, ki kai wa Mai Gilashi ta sa wa gunkin da take tallar ɗinki da shi."

Ta buɗe shago ta bar ƙofar a wangale, don na tsallake su gani. Ta ciro tef daga wuyanta, ta ce wa yarinyar ta tsaya sosai. Sai da ta ɗaga hannu kafin ta kai kafaɗar, abin ya ƙara ba ta haushi, don ba ta san lokacin da aka fi ta tsawo ba. Ta auna kafaɗa, ta auna hannu, ta zagaya ƙugu. A bayan wuyan yarinyar ta ga wani ɗan tabo da ba ta san da shi ba, ta tambaya. Auta ta ce tun tana firamare ne, wayar ƙarfe ce ta yanke ta, ta ɓoye don ranar ana ta aikin kayan makaranta a shago. Uwar ta yi tsaki.

Ta durƙusa ta ja tef daga ƙugu zuwa idon sawu. Tef ya tsaya inda ya kamata, amma babban yatsanta bai tsaya ba. Ya zarce da kansa, yadda ya saba, yana neman tsawon da za a ɓoye a kalmasa. Auta ta sunkuya ta riƙe yatsan, ta mai da shi baya.

"Mama, na gama girma."

Anti Tela ta fizge hannunta. Ta miƙe, ta shimfiɗa yadin a kan tebur, ta ja alli daidai inda aka mai da yatsan. Ta yanka da ƙarfi, almakashin na ƙara, ba ta ƙara ko rabin inci ba. Da ta kai ƙarshe sai wani dogon ƙyalle ya zame daga bakin tebur ya faɗi ƙasa, shuɗi da furanninsa, sabo fil. Shi ne wanda da za a naɗe a ajiye wa baɗi.

Ta sunkuya ta ɗauke shi, ta tsaya da shi a hannu. Ta dubi kwandon ƙyallaye ba ta jefa ba, ta dubi 'yarta da ta fi ta tsawo.

"To wannan kuma," ta ce a fusace, idonta ya cika da hawaye, "wa zan sakar wa?"