Murya a Kasuwar Funtuwa

Tun da aka yi wa Kausar canjin aiki daga Daura zuwa Funtuwa, ba ta saba da kowa ba. A ɗakin tiyata take, tana wanke kayan aiki tana jera wa likita, fuskarta rufe da takunkumi.

Ranar kasuwa tana taya dankali, sai tsohuwar da ke sayarwa ta riƙe hannunta.

"'Yata, sake magana! Ke ce kika ce in yi ta salati kafin allurar barci."

Kausar ta tuna ta: Inna Marka, daga Kafur.

"Inna, ya ƙarfin jiki?"

"Har gona nake zuwa. Zauna mana."

Ta zauna kan buhu, suka yi ta hira har la'asar.