Minti Arba'in na Motar Baba

Motar Baba ta girme ni da shekara biyu, kuma ta fi ni taurin kai. Da safe murɗa makulli ɗaya take tashi. Amma in ta yi tafiya ta ɗau zafi aka kashe ta, ko za ka yi mata kuka ba za ta tashi ba sai ta sha iska minti arba'in.

Tun rasuwar Mama, Baba ya ƙi zaman gidan kowa. Mutum ne da ba ya son a ce ya ɗora wa 'ya'yansa nauyi, ko na kujera ne. Duk Asabar yakan kawo mini ƙwan kajinsa, ya kashe mota a ƙofar gida, ya murɗa makulli sau biyu, ya yi tsaki.

"Ta fara halin nata. Auta, miƙo mini kujera."

A minti arba'in ɗin nan kaɗai nake samun mahaifina. Ya sha shayi, ya kushe yadda nake yanka albasa, wani lokacin har ya ambaci Mama. Ni kuwa, da shegen son gyara abin da ba a sa ni ba, tausayinsa nake ji: tsoho da mota mai wulaƙanta shi a titi.

Da ya kwanta zazzaɓi, na karɓi makullin na kai ta gareji. Bakaniken ya bar ta tana aiki har ta yi zafi, ya kashe. Batir lafiya, mai yana zuwa. Ya zare fulogi ya gwada, babu wuta. Ya taɓa wani ƙarfe mai kamar gwangwani, ya janye hannu da sauri.

"Kwayil ne, shi ke ba fulogi wuta. In ya yi zafi sai ya ɗauke." Ya leƙa lambar motar. "Ba ta tsohon nan mai kaji ba ce? Ai bara na gaya masa. Ya ce in bar masa kayarsa haka."

Na ji maganar sarai. Na ɗauka rowar tsofaffi ce, na ce ya canza.

Asabar ɗin da Baba ya warware, ya zo da ƙwai. Na riga na ɗora ruwan shayi. Ya kashe mota, ya murɗa makulli yana shirin tsaki, sai ta tashi fes.

Ya daɗe yana kallon sitiyari.

"Na kai an gyara maka ita, Baba," na ce, har da murmushina.

"To. Allah ya yi miki albarka."

Ya miƙo ƙwan ta taga. Sai a lokacin maganar bakaniken ta faɗo mini, na gane dalilin da ya sa Baba ya ce a bar masa kayarsa haka.

"Ka shigo mana, ga shayi a wuta."

"A'a, kina da aikinki. Kada in tsare ki."

"Ba ni da aikin komai, Baba."

Ya yi 'yar dariya, bai dube ni ba. "To me zan zauna jira?"

Na buɗe baki in ce ni, ni za ka zauna wa. A gidanmu ba mu saba irin wannan maganar ba, sai na fasa. Ya sa giya ya ja, ina tsaye da ƙwai a hannu har ya sha kwana.