Minti Ashirin Zafi, Minti Ashirin Sanyi

"Ɗaga ta sama kaɗan, Injiniya, kada ka gasa mini ƙeya."

Mai gyaran wuta yana tsaye a kan kujera, ƙusa biyu a baki, ya dafe fitilar jan haske a jikin bango. Ba injiniya ba ne, waya yake ja wa mutane a gidaje, amma shekara goma sha ɗaya da suke maƙwabtaka Baba Direba bai taɓa kiransa da wani suna ba.

Tsohon yana kwance ruf da ciki. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota, ciwon baya ba baƙonsa ba ne, sai dai na bana ya ƙi jin lallashi. Asibiti sun riƙe shi sati biyu, suka ɗauki hotuna, suka sallamo shi da ƙwayoyin rage raɗaɗi. Ɗansa da ke aiki a nesa ya aiko da kwali: fitilar nan, da ɗan bargon lantarki mai maɓalli uku, da wasu shuɗayen jakunkuna da ake daskararwa a firji.

Inna, matar tsohon, ta baje kayan a kan tabarma tana juya su.

"To wanne ne mai maganin? Da wanne za a fara?"

Mai gyara ya sauko ya duba zanen da ke jikin takardar. Ya auna mata nisan fitila da tsawon hannunsa. Bargo kuwa, ya ce, kada ya taɓa fata sai da tawul a tsakani, jakar ƙanƙara ma a naɗe ta da tsumma. Ya jawo soket kusa da gado don kada wani ya yi tuntuɓe da waya.

"Minti ashirin zafi, Inna, minti ashirin sanyi. Kada ki wuce."

"Kun mayar da ni shayi," in ji tsohon daga cikin matashi. "A dafa, a fifita."

Inna ta riƙe aikin da hannu biyu. Ta ɗauko agogon tebur ta ajiye a bakin taga. Ta katanga mai gyara yakan ji ƙarar agogon, sai takun silifas ɗinta zuwa firji, sai muryarta: "Malam, ka ji sauƙi?"

"Kamar an zare ƙaya."

Rana ta goma, bayan azahar, Inna ta leƙo ta katanga ta ce tana jin ƙauri a ɗakin. Ya shigo, ita kuma ta wuce madafa. Bargon yana kan cinyar tsohon, tawul ya zame, maɓalli yana kan na uku. Da ya ɗaga, sai ga fata ta tashi, ta ɗuri ruwa, faɗin tafin hannu.

"Baba! Ba ka ji ba?"

"Me?"

Mai gyara ya kama babban yatsan ƙafarsa ya matse da ƙarfi. Tsohon yana kallon silin.

"Baba, tun yaushe?"

"Shekaran jiya. Daga ƙugu zuwa ƙasa, kamar motar da aka cire wa batir." Ya lashi leɓe. "Likita ya gaya mini tun a can, ni kaɗai. Abin ya shiga ƙashi. Ya ce ƙafa ce za ta fara mutuwa, sannan saura."

"To wannan wahalar ta mene ce? Bari in gaya wa Inna ta daina."

Tsohon ya cafke wuyan hannunsa. Ƙarfin direba bai gama barin yatsun ba.

"In ka hana ta, me za ta yi da hannuwanta? Zama za ta yi ta zuba mini ido. Ni ba zan iya da wannan ba, Injiniya. Bar ta da agogonta."

Da Inna ta shigo ta ga ƙunar, jakar ƙanƙara ta suɓuce daga hannunta. Ta fara cewa ita ce, ita ce ta kashe shi da ganganci. Mai gyara ya katse ta.

"Ba ke ba ce, Inna. Maɓallin ne ya lalace. Laifina ne da ban gwada shi sosai ba."

Ya tafi da bargon gida. Ya kwance maɓallin a kan bencinsa, lafiyarsa ƙalau. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yanke wayar na biyu da na uku, ya bar ɗumi kaɗan wanda ko jariri ba zai ƙona ba, ya mayar wa Inna. Matarsa ta tambaye shi jikin Baba. Ya ce da sauƙi, ya tashi ya fita waje.

Sati uku suka biyo baya. Tsohon ya daina iya kwanciya ruf da ciki, aka daina kunna fitila. Ya daina cin abinci sai ruwa a cokali. Barkwancin ma ya ragu, ya koma ɗaga gira. Ɗansa yana bugo waya yana cewa ƙarshen wata zai zo, an hana shi hutu. Agogo dai bai fasa ƙara ba, Inna ba ta fasa tambaya ba, ko da amsar ta koma gyaɗa kai.

Wata safiya, mai gyara ya ɗora tsani a kafaɗa zai fita aiki, ya ji ta ta katanga. Muryarta a kwance take.

"Injiniya, zo ka duba mini bargon nan. Ya daina ɗumama shi."

Ya jingine tsanin ya shiga. Ta gyara wa tsohon kwanciya, ta shimfiɗa tawul daidai, bargon a kan ƙirjinsa. Mai gyara ya ɗora tafinsa a kan bargon, da ɗumi. Ya zura hannu ya taɓa wuyan tsohon, ya daɗe bai cire ba.

"Maɓallin ne ya sake lalacewa?" Ba ta kalli gadon ba, shi take kallo.

"Inna, bargon lafiyarsa ƙalau."

Ta gyaɗa kai. Ta nemi gefen gado da hannu kamar makauniya, ta zauna.

Kafin rana ta karkata an kai shi makwancinsa. Ɗan bai samu zuwa ba sai bayan kwana biyu.

Da mai gyara ya dawo daga rakiya, ya tsaya a ƙofar gidan yana karkaɗe ƙasa daga wandonsa. Mata sun fito da katifar sun jingine ta a bangon tsakar gida don ta sha iska. Tsakiyarta ya lotsa, daidai tsawon mutum. Wata kaza ta shige inuwar da ke ƙarƙashinta, ta kwanta.