Gwiwar Birki

Birki shi ne sunan da abokan tafiyarmu suka sa wa maigidana, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa jin haushin sunan ba. Mu tsofaffin unguwa ne, muna da 'yar ƙungiyarmu. Kowace shekara mukan hau jirgin ƙasa da safe mu je tsohon birnin da ke bayan duwatsu, mu ga katangar dutse da hasumiya da gidan tarihi, mu dawo a jirgin yamma. Akwai mutumin da ke zagayawa da mu yana yi mana bayani, sana'arsa ke nan. Jagora kawai muke ce masa.

Maigidana yana da ciwon gwiwa. Ba a yin nisa sai ka ji ya ce, "Jama'a, gwiwa ta ce a tsaya." Sai kowa ya ja tsaki, a yi ta mita, a nemi wuri a zauna. A haka tafiyar ta samu wuraren hutu da kowa ya sani. Akwai bencin ƙarƙashin bishiya a bakin tashar can, da dakalin ƙofar katanga, da wani faffaɗan dutse a tsakiyar hawan hasumiya, da inuwar bayan gidan tarihi. Nan yake miƙe ƙafa, ya ɓare lemo ya ba ni rabi, yana tsokanar duk wanda ya kalle shi.

Bana ba ya nan. Tun rasuwarsa ban je ko'ina ba in ba kasuwa ba. Da Malama, wadda ta yi shekaru tana shugabancin makarantar unguwarmu, ta zo ta ce an fara shirin tafiya, na ce mata zan je. Ban gaya mata dalili ba. Katanga da hasumiya na gan su har sun ishe ni. Abin da nake so shi ne in je in zauna a wuraren da yake zama. A gida duk inda na juya jinyarsa nake gani, ga gado, ga kwalaben magani. A can kuwa lafiyarsa lau in ban da gwiwa, bakinsa kuma ba ya rufuwa.

A shagon Tela ake yin shirin, don shi ne aminin maigidana tun suna samari. Muka zauna a ɗakin baya, tsakanin keken ɗinki da tarin ƙyallaye, fanka na ta ƙara a sama kamar za ta faɗo. Da ni da Malama da Tela, sai Direba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tuƙin babbar mota, sai Jagora.

"Matarmu, ga kujerar mijinki," in ji Tela. "Ki zauna a hankali, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. Shi ya lalata ta da jingina."

Jagora ya share teburin yanka. Ya shimfiɗa tef ɗin awo ya ce ga hanyar jirgi. Ya jera dunƙulen zare, ja shi ne katanga, baƙi hasumiya, fari gidan tarihi. Ya ɗebo maɓallai daga gwangwani ya sa a tsakaninsu, ya ce waɗannan su ne wuraren hutu.

"Haka muke yi a da," ya ce. Ya ɗan kalle ni, ya sunkuyar da kai. "To bana, Mama, ki yi haƙuri da maganar. Tunda Baba ba ya nan, Allah ya jiƙansa, in aka cire hutun nan lokaci zai ragu sosai. Akwai tsohuwar gada, akwai kurkukun da ke kan tudu. Shekara da shekaru ina so in nuna muku su."

Ya ɗauki maɓalli ɗaya ya jefa a gwangwani. Ya ɗauki na biyu.

"Ni dai ƙafata ƙalau," in ji Direba, yana buga cinya. "Mutumin da ya saba canza tayar babbar mota shi kaɗai, tudu zai ba shi tsoro?"

"Yaushe rabonka da taya?" Malama ta ce. "Ko ta keken jikanka ba ka iya bugawa iska." Ta gyara tabarau. "Ni ban ƙi ba. Ilimi muka je nema, ba zama ba."

Tela ya ce shi duk abin da jama'a suka yanke. Yana faɗa yana kallon silin.

Na zauna ina jin ƙarar maɓallan nan suna faɗawa cikin gwangwani har teburin ya zama ba ko ɗaya. Ba wanda ya ce a bar ko guda. Na ce a raina, ashe kaya ya zame musu, yau sun sauke. Ban yi kuka ba, na dai gyara mayafina na yanke shawara cewa ba da ni za a je ba. Me zan je yi a kurkuku?

Jagora ya ce gara a je tasha yau a kama kujeru, don a samu tarago ɗaya kada a warwatsa mu. Sannan ya ce, "Mu taka da ƙafa gaba ɗaya. Daga nan zuwa tasha kusan nisan tashar can ne zuwa ƙofar katanga. In mun yi shi a tafiya ɗaya ba tsayawa, sabon shiri zai yiwu. In ba haka ba, jirgin yamma zai tafi ya bar mu muna kallon gada."

Na bi su, don ina so in ja Malama gefe in ce kada a yanka tikiti da ni.

Jagora ya wuce gaba da dogayen ƙafafunsa. Ni kuma haushi na cina, ban san ina sauri ba. Shekaru ina tafiya a gefen mai ciwon gwiwa, ashe ƙafafuna suna nan da ƙarfinsu. Da na waiga wajen shagon mai gyaran agogo, sai na ga Direba ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmi. Na kalli ƙafarsa da kyau. Silifa ne.

Muka ci gaba. Wajen kantin magani na sake waigawa. Malama ta tare wata mata mai goyo tana ta gaishe ta, tana tambayar mutanen gida, hannunta ɗaya kuma yana dafe da bango. Matar sai kallonta take yi, tana amsawa a ɗarare. Tela kuwa ya tsaya gaban wani shago yana murza labulen ƙofa tsakanin yatsu, wai yana duba ɗinkin.

Ni da Jagora muka isa tasha, muka tsaya a ƙarƙashin babban agogon bango. Jirgin kaya ya zo ya wuce. Mai shayi ya wanke kofunansa ya kife. Lasifika ta yi magana sau da yawa, ba wanda ya gane abin da ta ce. Sai can ga su nan tafe ɗaya bayan ɗaya. Direba ya faɗa kan bencin ƙarfe kamar buhu. Malama ta cire tabarau tana fifita da gefen mayafi. Tela bai ma iya sallama ba.

"Cunkoso," in ji Direba da ya samu numfashi. "Titin nan ya cika da mutane."

"Wace ce matar da kika gaisa da ita, Yaya?" na tambayi Malama.

"Ɗalibata ce."

"Ya sunanta?"

Ta mayar da tabarau ta kalli wajen layin dogo.

Ban yi niyyar faɗa a gaban kowa ba, amma sai maganar ta fito. Na ce kada a yanka tikiti da ni. Na ce ni ba gada ta kai ni ba, ba kurkuku ba. Na so in zauna a bencin bakin tasha da dutsen hasumiya, inda yake zama, in ɓare lemo ko da ba wanda zan ba rabi. Na ce tunda kun gaji da tsayawa tun yana da rai, ba zan zame muku wani birkin ba. Ku je lafiya.

Tela ya cire hula ya goge kai, ya mayar.

"Matarmu," ya ce, "akwai maganar da na yi alkawari ba zan faɗa ba. Amma mai alkawarin ya tafi, kuma na san da yana nan da shi zai fara tona ni. Kin san ƙirjina ba ya son tudu. Tun tafiyar farko na ja shi gefe na ce, in na taɓa maka gwiwar hannu, ka ce a tsaya. Hutun dutsen hasumiya nawa ne."

Direba ya miƙe zaune. "Kai ma?"

"Kamar yaya ni ma?"

"Ni tari nake yi masa. In na yi tari, sai ya kama gwiwa. Bayan nan nawa tun ina mota ya lalace. Ya rantse mini ba wanda zai ji."

Duk muka juya wajen Malama.

"Ni ban roƙi kowa komai ba," ta ce. "Tambayarsa kawai nake yi ƙarfe nawa."

"Shi ya sa," in ji Tela. "Ina ta mamaki, mace da agogo a hannu."

"Ku kuma kuka fi kowa mita in ya tsaya," na ce. "Kai Direba har cewa kake yi a ɗauko masa amalanke."

"To in ban yi mita ba ai za a gane."

Na rasa abin da zan yi, dariya ko faɗa. Na tuna yadda nake dawowa daga kowace tafiya hankalina a tashe, in dafa ruwan zafi in gasa masa gwiwa, in shafa magani, ina cewa ciwon nan ƙaruwa yake yi, bana ka tsaya fiye da bara. Shi kuma yana kwance yana lumshe ido, yana cewa ɗan ƙara matsawa nan.

"Wato ni ce baiwar Allah," na ce. "Ku ku gaji, ni in yi gashin gwiwa."

"Gwiwar tana ciwo da gaske," in ji Tela da sauri.

"Na sani. Ni na kai shi asibiti. Amma gwiwa ɗaya ta ɗauki ƙirjinka da bayan Direba da agogon Yaya."

Malama ta fara dariya, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Sai ta kama hannuna ta riƙe. Idanunta sun cika, nawa ma haka.

"Da Jagora ya fara kwashe maɓallan nan," ta ce, "jira nake wani ya hana shi. Na ce Direba zai yi magana. Shi kuma sai ya hau buga cinya."

"Ni kuma ke nake jira," in ji Direba.

Jagora yana tsaye yana kallonmu, hannu a ƙugu. "Yanzu ku tsofaffi da ku, da na kai ku kan tudun nan, wa zai sauko da ku?" Ya girgiza kai. "Ni ma fa hutun bai ɓata mini komai ba. Duk labaran da kuka fi so, na mai ginin hasumiya da na rijiyar da aka rufe, a zaune nake ba ku su. A tsaye mutum ba ya sauraro, ƙafarsa yake ji."

"To gada fa?" in ji Tela.

"Ana hango ta daga jirgi, in kun zauna ta hannun hagu. Kurkuku kuma ba inda za shi."

Ya juyo gare ni. "Mama, a bar shiri yadda yake a da. Duk inda Baba yake zama za a zauna. In yanka da ke?"

Na ce ya yanka, kuma ya nema mini kusa da taga.

Yana can a layin tikiti sai Direba ya matso. "To yanzu wa zai riƙa cewa a tsaya? Sauran 'yan ƙungiya ba su san komai ba, kuma bai kamata su sani ba. Mutum yana da mutuncinsa."

"Kowa ya faɗi gajiyarsa da bakinsa," na ce.

"Haba matarmu," in ji Tela. "Gadon miji ai mata ke ci."

"Kun dai ga tafiyata yau. Wa zai yarda ina da ciwon gwiwa?"

"Ki fara ɗingishi tun yanzu," in ji Malama. "Kafin ranar kowa ya saba."

Ban ce na yarda ba, ban ce na ƙi ba. Jagora ya dawo ya ce an samu tarago ɗaya, hannun hagu, ya yi mana sallama ya hau babur ɗin haya. Mu kuma muka kamo hanyar gida a hankali.

Ba mu kai kantin magani ba na ji tari a bayana. Na yi kamar ban ji ba. Aka sake yi da ƙarfi. Na ci gaba da tafiyata. Direba ya yi ta ƙaƙalo tari har na gaske ya sarƙe shi, ya dafa sandar fitila yana haki.

"Ki tsaya mana, ƙanwata," in ji Malama. "Zai mutu a titi mu shiga uku."

Na tsaya. Na duba na ga matakalar wani shago da aka rufe, da inuwa, za ta ɗauke mu duka. Na dafa gwiwa, ban ma san wacce zan dafa ba, na ce, "Jama'a, a tsaya."

Tela ya ja tsaki. "Ga shi nan an fara," ya ce, ya riga kowa zama.