Rabon da Bai Bar Ragowa Ba

Tun da Mudassir ya rubuta wa ƙungiyar manoman Gude manhajar rabon taki, ba a taɓa tashi daga rabo babu ragowa ba. A shagonsa na Gwarzo ya rubuta ta da yaren kwamfuta na Python, tsohon, na biyu, wanda idan ya zo rabo cikakken buhu kawai yake ba mutum, ya watsar da abin da ya ɗoru a kai. Abin da ya saura a sito sai a auna wa matan da mazajensu suka rasu. Ba wanda ya kafa doka. Sabo ne kawai.

Bana kwamfutar ta mutu, sabuwar kuma da na uku ta zo, sai ya mayar da aikin can. Ya gwada, komai ya tashi lafiya, ya hau babur ya kai musu.

Shi na uku ba ya zubar da komai. Da aka fara kiran suna, mai buhu uku sai ya ji uku da rabi, wani har da 'yan kwanuka. Sai da Mudassir ya hango Dela, matar marigayi Ubaidullahi, tsugune a bakin sito tana jira, sannan ya gane bana ba ragowa.

"Alhaji, a dakata," ya ce wa Baƙo, shugaban ƙungiyar. "Kuskurena ne. Alama ɗaya zan ƙara, ragowa ta dawo."

"Kuskure yaushe? Bana, ko shekarun baya?"

Ya yi musu bayani dalla-dalla, bai ɓoye komai ba.

Ƙasimu mai gonar bakin rafi ya tafa hannu. "Kai! Ashe injinka ke yankar mana aljihu yana sadaka? To ladan wa ya kwashe, mu ko kwamfuta?"

Aka kwashe da dariya.

"To yanzu da kuka sani, ku bayar da hannunku mana," in ji Mudassir.

Dariyar ta ɗauke. Wani ya tuna tsadar taki, wani ya ce gonarsa ta ƙaru. Alhaji Baƙo ya gyara hula ya ce haƙƙin mutum ba ya halatta sai da yardarsa, a bari sai baɗi a zauna.

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi cin Mudassir ke nan. Da ya yi shiru ya gyara tun a shago, da ba wanda zai sani, amma da ya zama ɓarawo. Ya faɗi gaskiya, ga inda ta kai su.

Aka farke buhuna, aka auna, aka share sito.

Dela ta matso. "Malam Mudassir, masarata ta fara yin ruwan ɗorawa. Injin ya manta da mu ne?"

"A'a, Inna. Bai taɓa sanin da ku ba."

Ta dubi mazan da ke ɗaure kaya a kan babura. Duk ta san iyayensu.

"To," ta ce, "Allah ya ba mu alheri."

Ta kama hanyar gona.