Toka a Kan Ƙanƙara

Da Baba zai ba masu otal aron makiyayarmu ta kan dutse, magana ɗaya ya sa aka rubuta: su yi wasan zamiyarsu har ƙanƙara ta narke, daga nan fili ya koma na tumaki. Allah ya jiƙan tsoho, ƙanƙarar Allah kaɗai ya sani, wadda ke tattara nata ya nata tun farkon Afrilu. Bai san za a kawo injin da ke fesa ruwa ya sauko ƙanƙara ba, balle ya san ɗansa Edhem, wato ni, shi zai riƙe injin.

Ba yabon kai ba, na iya aikina. Tawa ƙanƙarar nauyi gare ta, in na tara aka bi ta da katafila sai ta kama kamar siminti. Bana har Mayu ya tsaya, duwatsu duk sun yi kore shar, amma layinmu na zamiya fari fat daga sama har ƙasa, baƙi daga Sarayebo suna ta zamiya da singileti. Manajan otal har kafaɗata yake dafawa.

Yayana Nusret kuwa ingiricinsa ya ƙare. Bara fari aka yi, ko da kuɗinka ba ka samun dami ɗaya a kwarin nan. Tumakinsa sun haihu, nono ya ƙafe, ga ciyawarsu kwance ƙarƙashin aikin hannuna.

Wata safiya, kafin a buɗe wa baƙi, na hango baƙin zane-zane a gindin layin. Na sauka na tarar da Nusret da matarsa Zumra riƙe da bokitai, suna watsa toka. Haka kakanninmu ke yi in ƙanƙara ta yi taurin kai: baƙin abu yana jan zafin rana, sai ta narke da wuri. Mako guda suka yi suna bi gida-gida suna kwashe tokar murhun maƙwabta.

"A'a, ga sarkin ƙanƙara!" in ji Zumra. "Taya mu ka zo yi, ko kama mu? Dubi kumatunsa, abincin otal ya karɓe shi."

Ban iya yin dariya ba. Na ce, "Yaya, saura kwana goma kacal. An riga an tallata gasar rufe wasa."

"To je ka faɗa wa tumakin," in ji Nusret, bai ko ɗago ba. "Ni sun daina jin maganata."

Sai ga muryar manaja a 'yar rediyon da ke ƙirjina. Ya hango daga tagarsa. Ya ce kafin ƙarfe tara a share wurin tas, in ba haka ba ya kira 'yan sanda wa mai tokar, ni kuma in ajiye musu makullinsu. 'Ya'yana uku, kuma babu wani aiki a ƙauyen nan sai otal. Wannan na faɗa wa kaina ina hawa katafila, kuma har yau shi nake faɗa wa kaina.

Minti ashirin ya ishe ni. Na kankare tokar, na turo fara daga sama na rufe. Nusret bai zage ni ba. Da na iso inda yake tsaye, ja da baya ya yi da bokitinsa ya ba ni hanya. Wallahi da ya jefe ni da shi da na fi samun sauƙi.

Aka yi gasa, aka yi kiɗa, baƙi suka watse. Ƙanƙara ta ce ba ta san zancen kwana goma ba. Sai ƙarshen Mayu ƙasa ta leƙo, a lokacin 'yan tumaki bakwai sun mutu, wani falke ya zo da babbar mota ya kwashe sauran garken a kan wulaƙantaccen farashi. Jikokin tumakin Baba ne. Tun daga ranar Zumra ba ta ƙara tsokanata ba. In na shiga gidansu sai ta ce, "Sannu da zuwa, Edhem," ta zuba mini gahawa a kofin baƙi. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

A watan Yuli ciyawar makiyayar ta kai ƙugu, don ta sha ruwa ta ƙoshi, tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Ran wata Asabar na hango Nusret shi kaɗai a can da dogon laujensa. Na ɗauko nawa na hau, na tsaya a gefensa. Muka yi ta yanka kafaɗa da kafaɗa.

Daga baya na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, wa zai ci?"

Ya tsaya, ya wasa laujen, ya dubi filin har ƙarshensa.

"Kai dai yi yanka," ya ce. "Ciyawar ba ta san na sayar da su ba."